KYAN ƊAN MACIJI: KWALLIYAR WASAN BIDIYO A FUSKAR KWAMFUTAR AIKI

A wannan mako filin namu zai tsaya ne a kan wani abu da akasarinmu muka ɗauka wasan yara, alhali kuwa yana iya cinye jarin ɗan kasuwa, yana iya zubar da mutuncin ma'aikaci. Abin nan shi ne kwalliyar da samari ke yi wa fuskar kwamfuta, wadda waɗanda suka yi lakkwal ke kira ordinatar, da hotuna da sautuka na wasannin bidiyo.

Duk wanda ke shiga shagunan buga takardu na Birnin Ƙonni, ko rumfunan masu fid da kaya a duwan, ko kuma ya taɓa leƙa ƴar kwamfutar da wani matashin ma'aikaci ya rataya a jaka zuwa Bazaga, ko Malbaza, ko Illela, ya san abin da ake nufi. Da an kunna na'ura, sai ga ɗan ƙwallon wasan PES ya cika allo, ko ɗan daban GTA riƙe da bindiga, ko sojan Call of Duty cikin hayaƙi. Ƴar kibiyar da ake nuni da ita ta koma takobi. Ƴan alamomin da ake latsawa don buɗe takardu sun sake kama, har mai na'urar yakan yi lalube kafin ya gane nasa. A wata na'urar ma hoton ba a tsaye yake ba, motsi yake yi, ruwa na zuba, wuta na ci, agogo na juyawa a gefe. Yaro ya yi, ya burge abokansa, mai gida kuma ya duba ya ce zamani ne, ya kau da kai.

ADO BA BAƘO BA NE A WURINMU

Kafin a ɗora wa samari laifi, ya kamata a yi musu adalci. Bahaushe bai saba barin abin hannunsa tsirara ba. Ƙwarya sai an yi mata zane, doki sai an ɗora masa jalala ranar hawan salla, ɗakin amarya sai an yi masa jere, soron attajiri a Birnin Damagaram sai magini ya zana masa dagi a goshi. Manyan motocin da ke kwasar albasar Galmi zuwa Abijan da Akara ba su rasa hoton zaki ko na dawisu a gadon baya, da ɗan kirari a rubuce. Ɗan kabu-kabun Ƙonni kuwa, ranar da ya karɓi sabon babur, kafin ya ɗauki fasinja na farko sai ya biya wurin mai liƙe-liƙe. Saboda haka saurayin da ya yi wa kwamfuta kwalliya bai fita daga halin iyayensa ba. Abin da ya bambanta shi ne, zanen ƙwarya a bayan ƙwarya yake tsayawa, ba ya shiga cikin fura. Kwalliyar kwamfuta kuwa, wani iri daga cikinta, har ƙuryar ɗaki take shiga.

Su ma waɗanda suka ƙera na'urar sun san wannan hali na ɗan Adam tun da wuri, kuma su ne suka fara haɗa wasa da aiki. A shekarar 1990 kamfanin Microsoft na Amurka ya sanya wasan karta mai suna Solitaire a cikin Windows 3.0, domin hannun ma'aikata ya saba da jan linzamin kwamfuta. Ranar 24 ga Agusta 1995, da Windows 95 ta fito, sai aka fitar da wani faifai na daban mai suna Microsoft Plus!, ana sayar da shi da kuɗi. A cikinsa akwai abin da za mu kira riguna: kowace riga ta ƙunshi hoton bango, da launuka, da siffar kibiya, da sautukan da na'ura ke yi. Akwai rigar namun daji masu haɗari, akwai ta wasannin motsa jiki, akwai ta mai zanen nan na Italiya, Leonardo da Vinci.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Manhajar sauraron kiɗa ta Winamp, wadda ta fito a 1997, ta yi suna ne saboda kowa na iya ɗinka mata rigar da ya ga dama. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Stardock ya fito da WindowBlinds, mai sauya kamannin tagogin Windows gaba ɗaya. A 2001 wani mutumin Finlan ya rubuta Rainmeter, wadda ke jera agogo da ma'aunai a fuskar allo, kamar yadda ake ganin ma'aunin rai da na harsasai a cikin wasan yaƙi. A zamanin Windows 7, wadda ta fito a 2009, Microsoft da kanta ta riƙa raba rigunan wasanni irin su Halo da Angry Birds kyauta. Amma a ƙaramin samfurinta mai suna Starter, wanda aka riƙa sanyawa a ƙananan kwamfutoci masu araha, ta toshe hanyar sauya hoton bango, sai wanda ya ƙara kuɗi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kwalliya haja ce, kuma masu ita sun san darajarta. A 2016 kuma Wallpaper Engine ta bayyana a kasuwar wasanni ta Steam, ita ce ta yaɗa hotunan bango masu motsi da ake yayi.

Mai karatu zai tambaya: me kamfanin wasa ke samu in ya ba da hotonsa kyauta? Talla yake samu. Duk sa'ar da aka kunna na'urar a shago, ta zama allon talla ga kowane mai shigowa, ba a biya mai shagon ko dala ba. Wannan dai ba wata babbar asara ba ce. Babbar asarar tana gaba.

KWALLIYA IRI UKU CE

Abin da ya wajaba kowane mai kwamfuta ya sani, ko bai iya gyara ba, shi ne kwalliyar nan ba ɗaya ba ce. Iri uku ce, kuma ana gane kowane iri ta wutsiyar sunansa, wato ƴan haruffan da ke biye da ɗigo a ƙarshen sunan fayil.

Na farko shi ne hoto tsantsa, mai wutsiya .jpg ko .png. Wannan kamar kalanda ne da aka rataya a bango. Ana kallonsa, ba ya ba da umurni, ba ya neman iznin komai.

Na biyu shi ne riga sukutum, mai wutsiya .theme ko .themepack. Ita ba hoto kaɗai ba ce, takardar umurni ce da ke faɗa wa na'ura: ɗauko hoto kaza a wuri kaza, sa launi kaza, yi sauti kaza. In daga shagon Microsoft ta fito, ba a cika samun matsala ba. In kuwa daga hannun wanda ba a sani ba ne, to a yi hattara. A shekarar 2020 wani mai binciken tsaro ya nuna cewa ana iya rubuta riga ta yadda za ta aiki na'ura ɗauko hoto daga wata kwamfuta mai nisa, a garin haka ta miƙa sunan mai ita da hatimin kalmarsa ta sirri. A watan Satumba na 2023 Microsoft ta toshe wata kafa a cikin Windows 11, wadda masana suka laƙaba wa suna ThemeBleed, inda buɗe riga kawai ke iya bai wa baƙo damar sarrafa na'ura.

Na uku shi ne manhaja, mai wutsiya .exe ko .msi ko .scr. Wannan na ƙarshe, .scr, shi ne labulen da ke saukowa ya rufe allo in an bar na'ura ta huta, kuma mutane da yawa sun ɗauka hoto ne, alhali manhaja ce cikakkiya. Manhaja ba kalanda ba ce, ma'aikaci ne da aka ɗauka aka shigar gida. Idan za a girka ta, Windows takan tsaya ta fito da ɗan akwati tana tambaya: ka yarda wannan ta yi sauye-sauye a na'urarka? Wanda ya latsa amsar yarda ya miƙa mabuɗan gida ke nan, na zaure da na rumbu da na akwatin kuɗi. In ma'aikacin mai gaskiya ne, zai yi shararsa ya tafi. In ɓarawo ne da rigar mai shara, ba sai ya fasa katanga ba.

Ga kuma wani tarko. Windows, yadda take fitowa daga masana'anta, ɓoye wutsiyar sunaye take yi. Saboda haka fayil mai suna hoto.jpg.exe zai bayyana a allo da sunan hoto.jpg kawai, mutum ya latsa yana zaton kalanda ce. Dabarar tsohuwa ce: da irinta ƙwayar cutar ILOVEYOU ta ratsa duniya a watan Mayu na 2000, ta yi shigar wasiƙar soyayya. Har yau kuma dabarar na ci. Ba a nan kaɗai aka taɓa jin jiki ba. Ƴan ƙananan agogai da ma'aunan yanayi da Windows Vista da Windows 7 suka zo da su a gefen allo, a watan Yuli na 2012 Microsoft da bakinta ta shawarci jama'a su kashe su, domin ta gano ƙofa ce ga ɓarayi. In mai gida ya ce a rufe wata taga ta gidansa, maƙwabci ba ya gardama.

TA INA TAKE SHIGO MANA?

Manhajojin da muka ambata, Rainmeter da WindowBlinds da Wallpaper Engine, ba na ɓarayi ba ne. Kayan kirki ne in an ɗauko su daga hannun masu su. Matsalar ita ce, a yankinmu da wuya su zo ta wannan hanya.

Galibin kwamfutocinmu ƴan gwanjo ne, sun biyo ta Kwatano ko Ikko, sun sauka Kano ko Sakkwato ko Yamai, kafin su iso Ƙonni. Mai sayarwa ko mai gyara shi ke zuba musu Windows daga faifai ko kilen da ya gada a wurin wani, sa'an nan ya ƙara wa mai saye wasanni da riguna a matsayin gyara, kamar yadda mai tumatir ke ƙara biyu a kan kashi. Waɗanda suka daɗe a harkar suna tune da Windows XP Sweet da ire-irenta, waɗanda suka yi yawo a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ba Microsoft ta fitar da su ba, wasu ne da ba a san ko su wane ne ba suka farke ta asali, suka cire abin da suka cire, suka cusa abin da suka cusa, suka yi mata kwalliya. Har yanzu ana samun irinsu da sunan wai na ƴan wasa ne, sun fi gudu. Mai gyaran ba mugu ba ne, taimako yake nufi, amma shi kansa bai san abin da aka ɗinke a cikin rigar ba.

Hanya ta biyu ita ce ta yaran gida. Wallpaper Engine ba ta da tsada, kuɗinta bai wuce dalar Amurka 5 ba, amma ta intanet ake biya, galibi da katin banki, saurayin Bazaga kuwa ba shi da shi. Sai ya shiga intanet ya nemi wadda aka fasa, wato aka cire mata makullin biya. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhaja ya baza ta kyauta, ba don Allah ya yi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A cikin irin waɗannan fasassun kaya ne ake cusa ƙwayoyi masu kwashe kalmomin sirrin da aka adana a na'ura su aika wa mai su. Ta nan ne kuma ƙwayar da ake kira STOP ko Djvu ta yaɗu a duniya tun daga 2018. Ita aikinta ta kulle duk takardu da hotunan da ke cikin kwamfuta, ta bar wasiƙa tana neman fansa, wadda a shekarun baya ta kasance dalar Amurka 980, ko rabin haka ga wanda ya biya cikin kwana 3. Cikakken kuɗin ya haura jikka 500 na sefa, ya fi kuɗin na'urar kanta nesa, kuma ko an biya babu mai lamunin za a buɗe.

Hanya ta uku ita ce kile. Saurayi ya ga riga mai kyau a na'urar abokinsa, ya kwafa a kile, ya kawo gida. Gobe mai gida ya ɗauki kilen nan ya kai shagon buga takardu, jibi sakatare ya soka shi a kwamfutar ofis. Wane ma'aikaci ne a ƙasar nan bai taɓa jin labarin ƙwayar rakursi ba, wadda ke ɓoye takardun da ke cikin kile ta bar inuwarsu kawai? Kile guda yakan zaga ofisoshi da shaguna fiye da yadda ɗan aike ke zagawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa tsagar ba ta wuce sha'awar hoto guda ba.

ABIN DA KE CIKIN RUMBUN

Yanzu sai mu tambayi kanmu abin da ke ajiye a cikin waɗannan na'urori. A ta ɗan kasuwa akwai lissafin buhunan albasa da na wake da aka ɗora, da sunayen waɗanda ake bi bashi daga Tsarnawa har Sakkwato, da rasitai, da hoton katin shaida da na fasfo, da kalmomin sirrin banki da na kamfanonin aika kuɗi. Da can wannan duka a littafi yake, a ƙarƙashin matashi ko cikin akwatin ƙarfe. Gobara ko gara kaɗai ake tsoro. Yau mutum na zaune a wata nahiya yana iya kwashe shi, mai shago na barci. Wanda littafin bashinsa ya ɓace ya san yadda masu gaskiya ke ƙaranci ranar da aka ce kowa ya faɗi abin da ake binsa. Mai fid da kaya kuwa, da sunansa da kalmarsa ta sirri yake shiga tsarin SYDONIA na duwan. In wani ya shiga da su ya yi ɓarna, sunan wa za a gani?

A ta ma'aikaci akwai abin da ya fi wannan nauyi, domin ba nasa ba ne. Akwai rajistar haihuwa da ta aure da ta rasuwa a meri, akwai makin ɗalibai a koleji, akwai sunayen marasa lafiya a likita, akwai jerin albashi da na masu biyan haraji. Amana ce ta talakawa. Manomin da ya taso daga wani ƙauyen Bazaga a kan amalanke don karɓar takardar haihuwar ɗansa, wadda in babu ita yaron ba zai zauna jarrabawa ba, idan aka ce masa na'ura ta lalace ya dawo wani mako, ba zai taɓa sanin cewa takobin da aka mai da kibiya ne sanadi ba. Ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan sirrin jama'a a 2017, ta kafa ta yaƙi da laifukan intanet a 2019. Amma doka bayan ɓarna take zuwa, ba ta mayar da rajistar da ta salwanta.

Akwai kuma maganar kunya, wadda ba ta buƙatar wata ƙwayar cuta. Kwamfutar ofis fuskar hukuma ce. Dattijon da ya zo neman takardar rasuwar ɗan'uwansa, ya zauna gaban tebur, ya ɗaga ido ya ga ƙato da bindiga jini na tsiyaya a allo, me zai ɗauka game da wurin? Ma'aikacin da ba zai zo aiki da rigar ƙwallo ba, bai kamata ya sa wa na'urar gwamnati ita ba.

WUTA DA ƘARFIN NA'URA

Ko da kwalliyar ta kasance tsarkakakkiya, babu ɓarawo a cikinta, tana da ci. Hoton da ke tsaye sau ɗaya na'ura ke zana shi ta huta. Hoton da ke motsi kuwa sai ta yi ta sake zana shi sau da yawa a kowace daƙiƙa, tun safe har yamma, ko ana kallo ko ba a kallo. Wannan aiki wuta yake sha, yana zuƙe batir, yana ɗumama na'ura. An ƙera waɗannan manhajoji ne domin manyan kwamfutocin ƴan wasa, a ɗakuna masu sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa. Tamu kuwa tsohuwa ce mai ƙwaƙwalwar aiki giga 2 ko 4, batirinta ya gaji tun a hannun mai ita na farko, ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, ga zafin watan Afrilu. Ɗora mata hoto mai motsi kamar ɗora wa jakin da ke ɗauke da buhu biyu sirdin ado ne mai nauyin buhu na uku.

Ba a manta ba yadda aka sha duhu daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har zuwa farkon 2024. Ko da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, wanda ke aiki a ƙauye ya san cewa awa guda ta batir dukiya ce. Mai faranti guda na hasken rana a kan rufin ofis ba shi da rarar da zai ciyar da ruwan ƙarya mai zuba a allo.

A ƙara da cewa yawancin na'urorin nan Microsoft ta daina yi musu rigakafi. Ta janye hannu daga Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, daga Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, daga Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Ma'ana, duk kafar da aka gano a cikinsu bayan waɗannan ranaku a buɗe za ta zauna. Gidan da mai gadi ya bar aiki ba shi ne za a riƙa gayyato baƙin da ba a sani ba a cikinsa.

TO, MENE NE ABIN YI?

Ba mu ce a ɗauki bulala a bi yara ba. Sau da yawa yaron da ya iya sauya wa kwamfuta riga shi ne wanda ya fi kowa a gidan fahimtar ta, kuma da irin wannan taɓe-taɓe ne masu gyara da masu rubuta manhaja da yawa suka fara. Hana shi ba zai yi amfani ba, zai yi a ɓoye. Abin da ya dace shi ne a raba rumbu da filin wasa.

Na'urar da ke riƙe da lissafin kasuwa ko takardun hukuma, kada a girka mata kowace manhajar kwalliya, ko ta halal ce. In mai hali ne, ya saya wa yaro tasa ƴar gwanjo, ya yi duk abin da ya ga dama da ita, sai dai kilensa kada ya kusanci ta aiki. In na'ura guda ce a gidan, a sa mai gyara ya buɗe ɗaki biyu a cikinta: ɗakin mai gida, mai iznin girka manhaja, da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, da ɗakin yara marar wannan izni. Aikin ƴan mintoci ne. Haka kuma a ce masa ya buɗe wutsiyar sunaye ta riƙa bayyana, domin kowa ya ga bambancin .jpg da .exe da idonsa. Wanda zai sayi na'ura ya gaya wa mai sayarwa tun farko cewa ba ya son gyara, a ba shi ita fara. Araha ba ta ado, balle kyauta.

Sa'an nan kowane mako a kwafe muhimman takardu a wani faifai ko kile na musamman, wanda ba ya zuwa shagon kowa, a cire shi a kulle a akwati. Wanda ke da kwafi ba ya biyan fansa. Littafin bashi kuma, kada a raina takarda da alƙalami, a riƙa buga shi ana ajiyewa. Ga shugabannin ma'aikatu, tun daga prefe har zuwa darektan makaranta, takarda guda mai layi biyar da aka liƙa a bango, mai cewa ba a girka komai a na'urar ofis sai da iznin wane, ta fi taron ƙara wa juna sani na kwana uku amfani. Rigakafi ya fi magani.

IN ADO AKE SO, GA NAMU

Saura tambaya guda: a bar allon fayau ke nan, kamar bangon kurkuku? Ko kusa. Kwalliyar da ta fi kowace aminci ita ce hoton da mutum ya ɗauka da salularsa. Ba ta da wutsiyar .exe, ba ta neman mabuɗi, ba ta shan batir. Hoton da ya fi kowane shahara a tarihin kwamfuta, koren tudun nan da shuɗin sama na Windows XP, ba wani abin mamaki ba ne: wani mai ɗaukar hoto, Charles O'Rear, ya tsaya a gefen hanya a Kalifoniya cikin 1996 ya ɗauki tudun yankinsu bayan ruwa ya sauka. Fadamun albasa na Galmi da sanyin safiya ba su gaza wannan tudu da komai ba.

A cikin gundumar Illela akwai masallacin Juma'a na Yama, ginin ƙasa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Masana gini na duniya sun san shi, yaranmu da yawa ba su taɓa ganin hotonsa ba. Wanda ke son jarumi a allonsa, ga ƴan kokowa, waɗanda suka fara neman takobin ƙasa a Tawa a 1975. Wanda kuma ya nace sai jarumin wasan bidiyo, to a nan ma ba mu rasa ba: wani matashin Nijar, Mahaman Sani Housseyni Issa, ya ƙirƙiro wasa mai suna Les Héros du Sahel da jaruminsa Shamsu, kamar yadda ƴan Kamaru na Kiro'o Games suka fitar da Aurion a 2016. Saurayin Ƙonni da ya ƙware wajen jera hoto da launi da sauti, in ya juya basirarsa ya ɗinka rigar kwamfuta da masallacin Yama, da amon kalangu a madadin ƙarar bindiga, ya samu sana'a, kuma shagunan gari za su nema. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa, ya kai ma'aikaci, gobe da safe in ka kunna na'urarka, ka dubi fuskarta da kyau, ka tambayi wanda ya yi mata kwalliya: wannan hoto ne ko manhaja, kuma daga ina ta fito? In ya amsa da hujja, madalla. In ya fara sosa ƙeya, ka kwafe takardunka a ranar, ka kai ta wurin mai gyara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.